Shin Shi Ya Jawo wa Kansa? Ciwon Damuwa Tsakanin Laifi da Nauyi

Gabatarwa

A zauren gidanmu da ke Malumfashi akwai wani tsohon keke ƙirar Phoenix. A kansa mahaifina ya yi mafi yawan shekarun aikinsa, yana zuwa makarantar firamaren da yake koyarwa, tafiyar da ba ta gaza kilomita shida ba zuwa da dawowa. Idan an tashi daga makaranta ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa, bayan La'asar sai ya ɗaure fartanya a bayan keken ya nufi gona. Bayan Magariba kuwa ba a neman sa ko'ina sai a majalisarsu, inda ake shimfiɗa tabarma a saurari rediyo, a yi musun siyasa har a kira Isha'i. Ƙarfe goma ba ta samun sa a farke. Bai taɓa kiran wannan tsari kula da lafiya ba, domin a wurinsa haka rayuwa take.

Ya yi ritaya a 2019. Shekara biyu bayan nan, matsalar 'yan bindiga ta sa gonar da ke nesa da gari ta gagari zuwa. A 2022 amininsa da suka yi ƙuruciya tare ya rasu, majalisar kuma ta watse a hankali. Kafin ƙarshen 2023 tayoyin keken sun sace, ƙura ta rufe sirdinsa, Baba kuwa ya koma wani mutum da ba mu sani ba. Yakan kwana idonsa biyu, ya yini kwance yana kallon bango. Tuwon da Inna ta kai masa yakan dawo kamar yadda ya tafi. Jikokin da a da yake ɗauka a kafaɗa, hayaniyarsu ta zama abin da ba ya iya jurewa. Wata rana na ji shi yana gaya wa Inna, cikin murya ƙasa-ƙasa, cewa shi yanzu kaya ne kawai a gidan nan.

Kowa ya zo da tasa fassarar. Wata gwaggonmu ta ce jifa ne, a nemi mai magani. Wasu suka ce tsufa ne. Wani maƙwabci, mutum mai yawan ibada, ya ce ƙarancin tawakkali ne, domin mumini ba ya barin duniya ta kwantar da shi. Ni kuma, da nake shekarar ƙarshe a jami'a, na zo da fassara ta huɗu, wadda na ɗauka ta fi sauran wayewa. Wannan fassarar tawa ce ta haifar da tambayar da nake son dubawa a nan: idan gaskiya ne halayen rayuwa nagari suna kare mutum daga ciwon damuwa, shin wanda ciwon ya kama shi ya jawo wa kansa?

Abin da Bincike Ya Nuna

Ciwon damuwa ya bambanta da baƙin cikin da kowane ɗan'adam yake ɗanɗanawa. Likitoci suna kiran abu da wannan suna idan ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya mamaye mutum mafi yawan yini, kusan kullum, na tsawon aƙalla mako biyu, tare da alamu irin su rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma a cikin manya kusan biyar ne a kowane ɗari, mata sun fi maza yawa. Ta kuma ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun wani magani.

A watan Satumba na 2023 ne masu bincike daga Jami'ar Kambirij ta Ingila da Jami'ar Fudan ta ƙasar Sin suka wallafa wani nazari a mujallar Nature Mental Health. Sun duba bayanan mutum kusan 290,000 a Birtaniya, waɗanda aka bi diddigin lafiyarsu tsawon shekara tara, suka auna halaye bakwai: isasshen barci, motsa jiki, cin abinci mai kyau, rashin shan taba, taƙaita barasa, rage yawan zama wuri ɗaya, da yawan cuɗanya da mutane. Waɗanda suka riƙe mafi yawan waɗannan halaye, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya yi ƙasa da kashi 57 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka riƙe kaɗan. Barcin awa bakwai zuwa tara shi kaɗai ya zo da ragin kashi 22, cuɗanya da jama'a kuwa kashi 18. Har waɗanda suka gaji haɗarin ciwon a jininsu an ga sun amfana. Kafin wannan, a 2017, an yi wani ƙaramin gwaji a Ostireliya da masu ciwon su 67: aka taimaka wa wani rukuni ya gyara cimarsa na mako goma sha biyu, ɗaya rukunin kuma aka riƙa zama da su ana hira. Kusan kashi 32 na rukunin farko alamunsu sun kau, a na biyu kuwa kashi 8.

Babu mai hankalin da zai yi watsi da irin wannan hujja. Jiki da zuciya a gida ɗaya suke kwana, idan gobara ta tashi a ɗakin ɗaya hayaƙi sai ya shiga ɗakin ɗayan. Da Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, bai ware zuciya daga cikin 'ya'yan ba.

Na karanta wannan nazari a wayata cikin ɗakin kwanan ɗalibai, na ji kamar na tsinci makullin ɗakin da Baba ya kulle kansa. Na ɗauki takarda na jera halayen bakwai da Hausa. Da na zo hutu, na shiga wurinsa na durƙusa na gaishe shi, sannan na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, ina cewa masana sun gano, masana sun tabbatar. Ya saurare ni har na gama. Sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Babana, duk abin da ka rubuta nan na fi ka saninsa. Shekara talatin da biyar ina koya wa yara shi a darasin kiwon lafiya. Kana ganin da ina iyawa zan kwanta a nan?" Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Ashe kai ma zuwa ka yi ka gaya mini ni na jawo wa kaina."

Na fito ban iya cewa komai ba. A daren nan na gane cewa ban bambanta da maƙwabcinmu ba. Shi ya auna Baba da ma'aunin imani, ni na auna shi da ma'aunin kimiyya, hukuncin da muka yanke kuwa ɗaya ne: ka gaza, shi ya sa kake kwance.

Dalilin da Ya Sa Hukuncin Bai Tsaya Ba

Abu na farko da na manta shi ne alaƙar tana tafiya ta fuska biyu. Rashin barci yana iya buɗe wa ciwon ƙofa, amma ciwon da kansa yana hana barci. Zaman kaɗaici yana iya haifar da shi, shi kuma yana sa mutum ya guji jama'a. Kasala da rashin sha'awa suna cikin ainihin alamunsa. Ciwon damuwa yana cinye ƙarfin niyya, wato abin da ake buƙata a yaƙe shi da shi. Cewa mai shi ya tashi ya motsa jiki daidai yake da cewa wanda ya faɗa rijiya ya hau tsani, alhali tsanin yana waje.

Na biyu, alƙaluman bincike suna magana ne a kan taron jama'a, ba sa yanke hukunci a kan mutum guda. Ragin kashi 57 yana nufin haɗari ya ragu, bai ce ya kau ba. A cikin waɗanda suka riƙe halayen nan akwai waɗanda ciwon ya kama, kamar yadda akwai manomin da ya yi shuka a kan lokaci, ya yi noma da maimai, fari ya zo ya cinye gonar. Gado yana da nasa rabo, haka rashi, da haihuwa, da wasu cututtukan jiki, da azabar da mutum ya sha yana yaro. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayani a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa baƙin ciki iri biyu ne: akwai mai sanannen dalili kamar rashin masoyi ko dukiya, akwai kuma wanda yake sauka ba tare da dalilin da ake gani ba, mai tushe a cikin jiki, wanda yake buƙatar magani. Shi malamin addini ne, bai kuma kira ko ɗaya daga cikinsu raunin imani ba. Mu da muka san labarin baƙin cikin Annabi Yaƙub (AS) a kan ɗansa, muka kuma san akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki a rayuwar Manzon Allah (SAW), bai kamata mu yi saurin auna imanin mutum da nauyin zuciyarsa ba.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. Halayen da muke kira na mutum, mafi yawansu ba shi kaɗai ya gina su ba. Baba bai zaɓi hawan keke don lafiyarsa ba, aiki ne ya ɗora shi a kai. Gona ta ba shi zufa da hasken rana, majalisa ta ba shi abokan hira, gajiyar yini ta ba shi barci. Da ritaya da 'yan bindiga da mutuwa suka ɗauke waɗannan ɗaya bayan ɗaya, halayen suka zube kamar danga da aka zare wa sanduna. Bai sauka daga kekensa don son jiki ba, wuraren da yake zuwa ne suka ƙare.

Haka abin yake ga mutane da yawa. Da sauƙi a ce a ci kifi da 'ya'yan itatuwa, amma magidancin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, abin da ya samu shi zai ci. Barcin awa takwas a zafin watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, babu wutar lantarki, ga sauro, ga fargabar harbi da dare, ba abu ne da niyya kaɗai take kawowa ba. Mai jego da ke tashi sau huɗu a dare, direban babbar mota, mai gadin dare, matar da aka kai aure garin da ba ta san kowa ba, duk suna iya sanin halayen bakwai a ka. Mutanen da aka yi nazarin Birtaniya a kansu, 'yan shekara 40 zuwa 69 ne a lokacin da aka ɗauke su, a ƙasar da asibiti da abinci da tsaro ba su zama abin nema ba. Darasin yana da amfani a gare mu, amma idan muka ɗauko shi ba tare da duba halin da namu mutanen suke ciki ba, sai ya zama sandar dukan talaka.

Laifi Daban, Nauyi Daban

Wani zai ce, to ashe babu abin da ke hannun mutum ke nan, kowa ya kwanta ya ce ciwo ne? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ban yarda a kauce masa ba. Idan muka gaya wa mutane cewa babu abin da za su iya, mun ƙwace musu fata, rashin fata kuwa shi ne abincin wannan ciwo. Mafita a ganina ita ce mu raba kalmomi biyu da muke yawan haɗawa: laifi da nauyi. Laifi yana tambayar wa ya jawo, yana neman wanda za a hukunta. Nauyi yana tambayar wa zai iya yin wani abu yanzu. Wanda ya tsinci jariri a ƙofar gidansa ba shi da laifin komai, amma nauyi ya hau kansa.

A kan mai lafiya akwai nauyin kula da jikinsa, domin amana ce a hannunsa, kuma lokacin gina ganuwa shi ne kafin yaƙi. A nan dole in juyo kan tsarata. Mu da muka gama jami'a muna jiran aiki, da yawanmu mun mayar da dare rana: waya a hannu har ƙarfe uku, barci har azahar, abokai ɗari biyar a Facebook, babu ko ɗaya da muka taka muka je gaishe shi. Ni kaina na yi watanni a haka, na kuma ji yadda duniya take dusashewa a idona. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa kwana biyar. Wannan ba ya buƙatar kuɗi. Wanda yake da ikon yi ya ƙi, ya yi sakaci da amana, ko da kuwa ciwon bai taɓa zuwa ba.

Amma idan ciwon ya riga ya sauka, mafi yawan nauyin yakan tashi daga kan mara lafiya ya koma kan waɗanda ke kewaye da shi. Wannan shi ne abin da takardata ta rasa. Na kawo wa Baba jerin ayyuka na ajiye masa a kan ƙirji, alhali ni ya kamata in ɗauka.

Nauyinmu na farko shi ne kai shi asibiti, kuma bai zo da sauƙi ba. Da aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce, "Ni za a kai Dawanau?" A bakin mutanenmu sunan wannan asibiti na Kano ya zama wata kalma ta hauka, tsoron sunan kuma yana hana dubban mutane neman taimako. Sai a watan Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Da ƙyar Inna ta shawo kansa. Likitan ya yi masa gwaje-gwaje, ya rubuta magani, ya ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kada kuma a daina don an ga sauƙi. Sannan ya juyo wurinmu ya ce kada mu jira sai Baba ya ji sha'awar fita, domin a wannan ciwo aiki ne yake jawo sha'awa. A fara da ƙaramin abu, a lokaci ɗaya kullum, kuma kada a bar shi ya yi shi kaɗai.

Ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, bai yi boko mai zurfi ba, amma shi ya fi mu fahimtar maganar. Washegari bayan Asuba ya yi sallama ya ce, "Yaya, an ce in riƙa tattaki saboda hawan jinin nan, ni kuwa ina jin jiri, ina tsoron in faɗi a hanya. Don Allah ka raka ni." Hawan jinin gaskiya ne, jirin kuwa har yau ban tabbatar ba. Baba da ya kasa tashi don kansa, ya tashi don ƙanensa. Ranar farko iyakarsu bakin lungu. Akwai ranakun da ya ƙi fitowa, Baffa ya zauna a zaure ya sha kunu ya tafi, washegari ya dawo bai ce komai ba. Bayan wata biyu suna kaiwa bakin kasuwa, suna tsayawa gaisawa da mutane. Tsofaffin ɗalibansa suna rusunawa suna cewa Malam, sai ya tuna shi wani ne a garin nan. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, sun haɗa biyu daga cikin halayen bakwai a jimla ɗaya.

Abin da Baffa ya yi yana da 'yan'uwa a wasu wurare. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu yayin da suke karɓar magani. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu fama da abin da suke kira yawan tunani, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana rage alamun ciwon sosai. Mu ma muna da majalisa da zaure, da gaisuwar safiya, da sallar jam'i, da zaman biki da na makoki. Abin tsoro shi ne muna barin su suna mutuwa a daidai lokacin da masu bincike suke gano darajarsu. Hukuma ma tana da nata rabo, domin hanyar gona da aka tsare, da fanshon da aka biya a kan lokaci, da ma'aikacin lafiyar da aka horar ya gane ciwon a ƙaramin asibiti, duk riga-kafi ne.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce a'a. Halaye nagari suna kare mutum, kuma wajibi ne mai iko ya riƙe su, amma kariyarsu ba ta mayar da ciwon ya zama hukunci a kan wanda ya kamu. Ilimin da ya nuna mana amfanin barci da tafiya da cuɗanya, an ba mu shi ne don mu san ta inda za mu taimaka. Wanda ya mayar da shi hujjar zargi ya ƙara wa mara lafiya irin tunanin da ciwon yake raɗa masa dare da rana, cewa shi ba komai ba ne kuma shi ya jawo.

Baba bai koma daidai yadda yake a da ba. Har yanzu yana shan magani, akwai kuma ranakun da hadarin yake dawowa, mukan gane daga yadda yake amsa gaisuwa. Gonar tana nan ba ta nomuwa. Amma na kai keken wurin mai gyara an sa masa sababbin tayoyi, yanzu da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da yamma kuma yaran unguwa suna taruwa a zaure yana koya musu karatu. Kwanakin baya ina neman wani abu a cikin littattafansa na ci karo da takardar nan tawa a ninke. Ya bi ta da jan biro kamar yadda ya saba yi wa ɗalibansa, ya gyara mini ƙugiyoyi biyu da na manta. A ƙasan lamba ta bakwai ya ƙara ta takwas da rubutunsa: wanda zai raka ka.